Haƙƙin Dabbar Ɗakin Bincike: Abin da Hanjin Kare da Ɓera Ya Koya wa Likitoci

 

Mas'alar da za mu duba a wannan fitowa ba ta cikin waɗanda aka saba tattaunawa a zaurukan karatu, amma ta shafi kowane gidan da aka taɓa jinyar mai ciwon daji. Tun shekarar 2021 aka buɗe sashen gashin sankara a cibiyar ƙasa ta yaƙi da wannan cuta da ke Yamai, inda ake auna ƙari da wani haske mai ratsa jiki, wanda ido ba ya gani, fata kuma ba ta jin zafinsa. Macen da ke fama da sankarar bakin mahaifa takan kwanta ƙarƙashin na'urar kwana biyar a mako, har kimanin mako biyar. Tun ranar farko likita yakan gaya mata cewa a mako na biyu ko na uku za ta iya jin ciki yana murɗawa, gudawa ta biyo baya, wani lokaci da tashin zuciya. Yakan faɗi haka da yaƙini, ya kuma tanadi magani. To daga ina ya samo wannan yaƙini? Wani kaso daga majinyatan da suka gabata, amma kaso mai yawa daga karnuka da ɓeraye da birai waɗanda aka haska da gangan, aka zauna ana kallon abin da hanjinsu zai yi har suka mutu. Tambayarmu ita ce: shin ya halatta a yi wa mai rai haka? Idan ya halatta, ina iyakarsa? Mu kuma da muke cin moriyar, mene ne a kanmu?

Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a fahimta ba, don haka sai mu fara da hanjin kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana fiɗa ya ga hanjin rago yana ɗan motsi bayan an fito da shi, alhali kai ya rabu da jiki. Dalili shi ne hanji yana da nasa jijiyoyin a cikin bangonsa, da nasa naman mai tsukewa da saki, ba ya jiran umurnin ƙwaƙwalwa a kowane motsi. Akwai motsin da yake cakuɗa abinci a wuri ɗaya, akwai wanda yake tura shi gaba. Akwai kuma wani da aka siffanta a jikin karnuka a 1969, wanda yake tasowa idan ciki ba komai, kusan bayan kowace sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, ya bi ƙaramin hanji daga sama har ƙasa yana share saura kamar mai tsintsiya. Mai azumi ya san ƙugin nan, ko da bai san sunansa ba. Ta ciki kuma hanji yana da shimfiɗa mai laushi wadda take sabuntuwa gaba ɗaya cikin kwana uku zuwa biyar, daga wasu 'yan ramuka inda ƙwayoyin halitta ke rabuwa dare da rana.

Abin mamaki, hasken da yake ɓata motsin hanji shi ne ya fara nuna wa ɗan Adam wannan motsi. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a garin Wurzburg na Jamus. Shekara guda bayan haka wani ɗalibin likitanci a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya fara cakuɗa garin bismut a abincin dabbobi, domin garin yana tare hasken ya bayyana a allo kamar inuwa. Da haka ya ga tumbin kyanwa yana aiki tana raye, ba tare da an tsaga ta ba, ya buga sakamakon a 1898. A cikin aikin ya lura da wani abu da za mu dawo kansa: idan kyanwar ta fusata ko ta tsorata, motsin tumbin yakan tsaya cik, idan aka shafa ta hankalinta ya kwanta, sai ya dawo.

Ba a daɗe ba aka gane hasken yana cutarwa. A 1897 wani likita a Ingila, David Walsh, ya ba da labarin mai aiki da na'urar da ya riƙa fama da ciwon ciki da gudawa. A 1912 Claudius Regaud da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana ɓarnar da hasken ya yi a hanjin karnuka. A 1922 Stafford Warren da George Whipple a Amurka suka nuna cewa karen da aka haska wa ciki da yawa yakan mutu cikin 'yan kwanaki da amai da gudawa mai jini, kuma shimfiɗar ƙaramin hanjinsa ce ta zagwanye. Hasken yana kashe ƙwayoyin da ke rabuwa a 'yan ramukan nan. Tsofaffin na sama suna ci gaba da zubewa kamar yadda suka saba, amma babu masu maye gurbinsu. Bayan kwana uku ko huɗu sai bangon ya zama tsirara, ruwan jiki ya tsiyaye ta gudawa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa zuwa jini. A 1956 Henry Quastler ya yi bayanin wannan mutuwa a ƙananan ɓeraye, inda aka ga suna mutuwa bayan kimanin kwana uku da rabi, ko da an ninka musu hasken sau da dama bisa ga mizanin da ke kashe hanji. Mizanin awon ana kiransa gire. Mutumin da hasken ya ratsa dukkan jikinsa da gire 4 zuwa 5 a lokaci ɗaya, ba tare da jinya ba, rayuwarsa da mutuwarsa kunnen doki ne. Daga wajen gire 10 hanji ne yake kai shi kabari. Majinyaciyar da muka ambata takan karɓi gire 45 zuwa 50, amma a ƙugu kaɗai, kuma a rarrabe kamar gire 2 a rana, don naman lafiya ya samu sararin farfaɗowa.

Sai dai zagwanyewar shimfiɗa ba ta bayyana komai ba. Amai yakan zo cikin sa'o'i, tun ƙwayoyin ba su gama mutuwa ba. Wannan ne ya sa aka koma kan motsi. A 1951 Robert Conard ya ga hanjin ɓera yana ƙara tsukewa da motsi jim kaɗan da fara haska shi. Wasu kuma suka ga tumbin ɓera yana riƙe abinci ya ƙi saki, aka kuma ga irin haka a birai. A ƙarshen shekarun 1980, a garin Milwaukee, Mary Otterson da Sushil Sarna da abokan aikinsu suka ɗinka wa karnuka 'yan na'urorin awo a bangon hanji, suka bar su suka warke daga tiyatar, sannan suka riƙa haska musu ciki kaɗan-kaɗan kamar yadda ake yi wa majinyata. Suka ga wata irin tsukewa mai ƙarfin gaske, wadda a lafiyayyen kare ba ta cika faruwa ba, ta yawaita. Tana gudu da sauri zuwa ƙasa ta kwashe abin da ke cikin hanji tun bai narke ba, ta haifar da murɗa da gudawa. Akwai kuma irinta mai komawa baya zuwa tumbi, ita ce take share wa amai hanya. Ma'ana, hasken ba fatar hanji kaɗai yake ƙonawa ba, har tsarin tafiyarsa yake rikitawa.

Ɓera ba ya amai, haka Allah Ya halicce shi. Idan zuciyarsa ta tashi sai ya koma cin yumɓu, shi ya sa masu bincike suke auna yumɓun da ya ci don su san halin da yake ciki. Domin nazarin amai sai aka nemi wata dabba mai suna feret, mai kama da tunku. A jikinta ne, a tsakiyar shekarun 1980 a Ingila, aka tabbatar da cewa hasken da magungunan sankara suna sa hanji ya saki wani sinadari mai suna sirotonin, wanda yake taɓa wata jijiya mai kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umurnin amai. Da aka toshe wurin da sinadarin ke kamawa, sai aman ya tsaya. Daga nan aka samu magunguna irin su ondansetron, wanda ya shiga kasuwa a 1990. Kafin zuwansu akwai majinyatan da suke gudun jinya saboda azabar amai, su zaɓi sankarar ta kashe su.

To ga amfani a fili, wanda ba mai hankalin da zai musa. Ga kuma azaba a fili. Kada mai karatu ya bari kalmomin ɗakin bincike su ruɗe shi: abin da ake rubutawa a takarda da sunan ƙaruwar tsukewa, a jikin karen murɗar ciki ce, irin wadda take sa babban mutum ya durƙusa.

Masu sauƙaƙa lamarin suna da hujja biyu. Ta farko, an hore mana dabbobi, muna yankawa muna ci, to me zai hana mu yi bincike da su? Ta biyu, ɓera yana cikin halittun nan biyar masu ɓarna da aka yi izinin kashewa ko a cikin Harami. Hujjojin biyu duk suna da rauni ɗaya, wato sun ɗauki izinin kisa a matsayin izinin azabtarwa, alhali shari'a ta raba su rabuwa mai nisa. Wanda aka halatta masa yanka shi aka umurta ya wasa wuƙa ya hutar da abin yankansa. An hana a ɗaure mai rai a mai da shi abin gwajin harbi. Matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa, kowa ya san makomarta, ba kuma don kyanwa tana da tsada ba. Mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa an gafarta masa, kuma kare ne, ba ɗan rago ba. Ɓeran da aka yi izinin kashewa shi ne mai cin hatsi a rumbu, mai jan lagwani ya tada gobara. Kisansa tunkuɗe cuta ne. Farin ɓeran da aka haifa a keji, uwarsa da kakarsa duk a keji, hatsin wa ya ci? Illar hukuncin ba ta tare da shi. Idan za a taɓa shi, sai da wata hujja dabam.

Wannan hujja tana nan, kuma malamanmu na mazhabar Malikiyya sun nuna mana yadda ake amfani da ita. Ɗalibin da ya karanta Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani har ƙarshe zai tuna cewa an yarda a yi wa raguna da awaki fiɗiya saboda gyaran namansu, an hana a yi wa dawaki, an kuma karhanta yi wa dabba lamba da wuta a fuska. Ciwon fiɗiya ɗaya ne a jikin rago da na doki. Abin da ya bambanta shi ne maslahar da ke bayansa. Ke nan ciwon dabba yana da nauyi a ma'auni, ba a jawo shi sai da abin da ya rinjaye shi. Idan gyaran nama ya isa ya halatta ciwon ɗan lokaci, ceton rai ya fi cancanta. Magabata ma sun bi wannan hanya: Ibn Zuhr, likitan Andalus da ya rasu a 1162, ya gwada huda maƙogwaro a jikin akuya don ya tabbatar raunin yana warkewa. Amma ƙa'idar da ta buɗe ƙofar ita ce take tsare ta, domin larura ana kimanta ta ne gwargwadonta. Idan ɓeraye goma sun isa, na sha ɗayan zalunci ne. Idan an riga an san amsar, maimaita gwajin don a samu takardar digiri ko ƙarin girma ba larura ba ne. Idan ana iya ba da maganin ciwo ba tare da ɓata sakamako ba, hana shi laifi ne. Idan an ga dabba ta kama hanyar mutuwa, jiran ta mutu da kanta don a rubuta sa'ar mutuwar ba shi da madogara matuƙar an samu abin da ake nema.

Turawa ma sun iso kusa da nan ta tasu hanyar. A 1959 William Russell da Rex Burch a Ingila suka kafa ƙa'idoji uku: a maye gurbin dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage yawanta, a sassauta mata wahala. Tarayyar Turai ta shigar da su cikin dokarta ta 2010. A nan ne kyanwar Cannon take da abin faɗa. Dabbar da ke cikin tsoro hanjinta ba ya motsi yadda ya saba, saboda haka mai binciken da ya wulaƙanta ta ya ɓata awonsa da hannunsa. Sai dai a ganina kuskure ne a jingina tausayi a kan wannan kaɗai. Akwai gwaje-gwajen da rashin tausayi ba ya ɓata musu lissafi ko kaɗan, kuma a can ne ake gane wanda yake jin tsoron Allah da wanda yake jin tsoron sakamako mara kyau.

Game da maye gurbi, an samu ci gaba na gaske. A 2009 Toshiro Sato da Hans Clevers a ƙasar Holan suka raya ɗan ƙaramin hanji a cikin kwano daga ƙwayar halitta guda, kuma yanzu ana haska irinsa a ga yadda shimfiɗa take mutuwa da farfaɗowa ba tare da an taɓa dabba mai rai ba. Duk tambayar da kwano zai amsa, ta fita daga babin larura. Amma irin wannan ɗan hanji na farko shimfiɗa ce zalla, ba nama mai tsukewa, ba jijiya, ba ƙwaƙwalwar da za ta ba da umurnin amai. Shi ya sa motsin hanji ya kasance cikin fagagen da suka fi wuyar rabuwa da dabba.

Yanzu sai mu zo inda mas'alar ta fi ɗaci. Ba duk wannan bincike aka yi don majinyata ba. A watan Yulin 1946 sojojin Amurka suka kai aladu 200, awaki 204 da ɓeraye 5,000 tsibirin Bikini, suka rarraba da yawansu a jiragen ruwa, suka tayar da bam ɗin nukiliya. Stafford Warren, mai karnukan 1922, shi ne ya zama shugaban sashen lafiya na shirin ƙera bam ɗin, shi ne kuma ya kula da tsaron haske a Bikini. A 1961 aka kafa cibiyar soja ta nazarin illar hasken a Bethesda, kuma cikin abin da ake son sani har da tsawon lokacin da soja zai iya ci gaba da yaƙi kafin amai ya kayar da shi. Mu mazauna bakin Sahara ba baƙi ba ne ga wannan zamani, domin a Reggane ta Aljeriya Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960. Shin akuyar da aka ɗaure a jirgi don a gwada makami hukuncinta ɗaya da karen da aka haska don a sauƙaƙa wa mai sankara? Ba ɗaya ba ne, domin ayyuka suna bin niyya, kuma larurar da mutum ya ƙirƙira da hannunsa ba ta zama masa uzuri. Wanda ya ƙera bam sannan ya ce dole ya azabtar da dabba don ya san abin da bam ɗin zai yi, ya haƙa rami ne ya dawo yana kukan zurfinsa.

Amma gaskiya ba ta tsaya nan ba. Ilmin da ya fito daga waɗannan wurare ya yi amfani ga bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Conard, mai hanjin ɓera, ya shafe shekaru sama da ashirin yana jagorantar duba lafiyar mutanen tsibiran Marshall da ƙurar gwajin 1954 ta zubo musu. A Cernobil a 1986, inda ma'aikata 134 suka kamu da cutar hasken mai tsanani, 28 suka mutu cikin watannin farko, saurin zuwan amai yana cikin alamun da likitoci suka auna yawan hasken da kowa ya sha. A garin Goiania na Barazil a 1987, masu tsintar ƙarafa suka fasa wata tsohuwar na'urar gashi da aka yasar. Aka fara amai da gudawa ana zaton gurɓataccen abinci ne, mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida. Ba wanda zai ce likitan da ya yi jinyar waɗannan ya watsar da abin da aka sani don asalinsa ba shi da tsarki. Amfani da ilmin da ya riga ya samu halal ne, ƙin amfani da shi ba ya dawo da akuya ko ɗaya. Sai dai halaccin amfanin bai wanke wanda ya aikata ba, kuma bai zama izinin a sake ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a yi sakaci da iyakar ba, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Daga 1960 zuwa 1971, a birnin Cincinnati, an haska dukkan jiki ko rabin jikin masu sankara kusan 90 a wani shiri da ma'aikatar tsaron Amurka ta ba da kuɗin nazarinsa. Yawancinsu talakawa ne, fiye da rabi baƙaƙen fata, kuma an jinkirta ba su maganin tashin zuciya don a ga yadda aman zai kasance. Kwamitin da Shugaba Clinton ya naɗa ya binciki lamarin a rahotonsa na 1995. Idon da ya saba kallon mai rai a matsayin abin awo ba ya tsayawa a kan mai ƙafa huɗu. Yakan nemi wanda ba shi da bakin ƙi, ko dabba ce ko talaka. Daga baya, a 2002, hukumar magunguna ta Amurka ta kafa dokar da ta yarda a amince da maganin irin wannan cuta bisa gwajin dabbobi, tunda ba ya halatta a haska mutum da gangan. Dokar ta tsare ɗan Adam, amma nauyin ta mai da shi kacokan kan birai da aladu.

Saura namu kason. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Hujjar da ta halatta ciwon feret da kare guda ɗaya ce tak, wato sauƙin da zai isa ga mara lafiya. Idan sauƙin bai isa gare shi ba, an yi azabar, ba a biya kuɗinta ba. Ondansetron yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta tanada, haƙƙin mallakarsa ya ƙare tuntuni, kamfanoni da yawa suna yin sa da araha. Macen da ta taso daga wani ƙauyen Damagaram, ta yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa Yamai, ta sauka a gidan dangi na mako biyar, ba na'urar kaɗai take buƙata ba. Tana buƙatar maganin amai da na tsayar da gudawa, da ruwan gishiri da sukari, da abinci mai laushi mara yaji, da wanda zai gaya mata da harshenta cewa murɗar nan ta hasken ce, yawanci takan lafa 'yan makonni bayan an gama, ba sammu ba ce, ba kuma alamar cutar ta ci ƙarfinta ba. Wadda ba a gaya mata ba takan tattara kayanta a mako na uku ta koma gida, gashin da aka katse a tsakiya kuwa yakan ba ƙarin damar sake tofowa. Ƙungiyoyinmu da suke tara zakka da sadaka suna iya ware wani abu domin masaukin irin waɗannan mata da magungunansu, masu wa'azi kuma su riƙa yi wa mazajensu bayani kafin tafiya, don kada a kira su gida tun ba a cika kwanakin ba.